Ruwan Tiga Da Ƙishirwar Zuci

  

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga birnin Kano a tsakiyar rani, da ya kusanci Kura zai ga abin da kakanninsa ba su taɓa gani ba. Iska tana kaɗa ƙura, ciyawar daji ta bushe ƙayau, amma dama da hagun hanya ƙasa kore ce shar, har iyakar ganin ido. Ga alkama, ga tumatir, ga albasa, ga masara, ga ruwa yana gudu cikin magudanai kamar a watan Agusta. Haka abin ya ke daga Kura zuwa Kadawa da Garun Malam, har ya dangana da ƙasar Bunkure ta wajen Rano.

Wannan ruwa ya kawo dukiya, dukiya kuwa ta kawo tambayar da ta saba kawowa ko'ina ta sauka, watau shin mene ne zai ishi ɗan Adam? Malaman Musulunci sun daɗe da ba da amsa, masu karatun wannan shafi kuwa sun san ta. Amma a cikin manoman nan da 'yan ƙwadago da masu sayen kaya akwai Kirista, su ma suna da tasu amsa wadda su ke karanta wa 'ya'yansu ran Lahadi. Maƙwabci ya kamata ya san abin da maƙwabcinsa ya ke riƙe da shi, balle wanda su ke shan ruwan magudana ɗaya, su ke auna kaya da mudu ɗaya. Domin haka a ke kawo wannan bayani.

KURA KAFIN ZUWAN RUWA

Tun kafin a san wani abu wai shi noman rani na zamani, sunan Kura ya kai Agadas, ya ƙetare Sahara. Abin da ya kai shi kuwa rini ne. Masaƙa su saƙa ƙyalle siriri, a ɗinke, a kai marina a tsoma cikin karofin baba sau da yawa, sa'an nan mabuga su buge shi da shuni har ya riƙa walƙiya. Shi ne turkuɗi, shi ne rawanin nan da a ke kira ɗan Kura, wanda Buzaye ke naɗawa su yi amawali. Fatake suna ɗaukarsa bisa raƙuma da jakuna, suna komowa da kanwa da gishiri da dabino.

Noma kuwa a wancan zamani na damina ne, gero da dawa da wake da gyaɗa. Mai lambu sai wanda Allah ya ba fadama ko bakin rafi, ya kafa jigo, ya wuni yana ɗibar ruwa da guga yana zuba wa 'yan fangalai. In an yi kaka an cika rumbu, samari su tafi cin rani, dattijai su koma ga karatu da sana'ar hannu. Mutum ya san iyakar abin da gonarsa ke bayarwa, buƙatarsa ma ba ta cika wuce nan ba.

ZUWAN RUWAN TIGA

A zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka datse Kogin Kano a Tiga. An gama madatsar a 1974, daidai lokacin da ƙasar Hausa ke fama da farin nan mai tsanani wanda ya kashe dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu. Daga tafkin aka haƙa babbar magudana, ruwa yana gangarowa da kansa ba tare da inji ba, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har ya isa bakin gonaki. A kashi na farko na aikin an tsara shayar da hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. A Kadawa kuma akwai tashar binciken noman rani ta masanan Samaru.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Dubban mutane aka tasa daga gidajensu da gonakinsu da kushewun iyayensu, ruwa ya rufe wurin. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman shinkafa su ka dogara a kanta ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Arzikin wani wuri ya zama hasarar wani.

Amma a Kura da Bunkure ƙasa ta yi daraja. Gonar da ke ba da amfani sau ɗaya ta koma bayarwa sau biyu, wani ma sau uku. Da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da alkama a 1987, manoman alkama su ka sami kasuwa, har zuwa lokacin da aka janye hanin. Da aka rufe iyakokin ƙasa a 2019, shinkafar gida ta yi tsada, injinan casa su ka ƙara yawa a Kura, mata masu turara shinkafa su ka sami abin yi dare da rana. A Kwanar Gafan kuwa manyan motoci ke jeruwa, ana ɗora musu kwandunan tumatir zuwa Ikko da sauran biranen Kudu. Gidajen ƙasa su ka koma na siminti da kwano, mai jaki ya sayi babur, mai babur ya sayi mota, waɗanda ba su taɓa tsammani ba su ka sauke farali.

Duk da haka manomin rani bai san barci mai nauyi ba. Hayar gona da kuɗi, iri da kuɗi, taki da maganin feshi da kuɗi, galibi kuwa bashi ne. In tumatir ya nuna gaba ɗaya kasuwa ta cika, kwando ya faɗi har kuɗinsa ba ya biyan ladan masu tsinka, sai a yanka a shanya a ƙasa ya zama kauɗa, wani ma a zubar a gefen hanya. Wanda ya ci riba bana ya kan ninka gonarsa baɗi, bashinsa ma ya ninka tare da ita.

SHEKARAR SHARON

Abin da ya faru a 2016 ba zai fita daga zukatan manoman wannan yanki da wuri ba. A watan Maris na shekarar aka buɗe masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote a Kadawa, manoma su ka ce wahalar kasuwa ta ƙare. Sai ga wata 'yar tsutsa, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu ne, manoma su ka sa mata suna sharon. Tana shiga cikin ganye ta cinye shi ta ciki, ta huda ɗan tumatir, maganin da aka saba fesawa kuwa ba ya kama ta. Cikin 'yan kwanaki gonar da ke kore sai ta koma kamar an sa mata wuta. Masana'antar ta tsaya domin rashin kaya, tumatir ya yi tsadar da ba a saba gani ba a biranen Nijeriya, mai gona kuwa ba shi da abin sayarwa, ga masu bashi a ƙofar gida.

A wannan shekara aka ga bambancin mutane. Hasara ɗaya ta sami maƙwabta biyu, ɗaya ya rasa barci ya rasa cin abinci, ɗaya ya yi haƙuri ya nemi irin masara ya sake shuka. Bambancin bai zo daga girman gona ba, daga inda kowannensu ya ajiye zuciyarsa ya zo. A nan ne maganar addini ke shigowa, ta Musulmi da ta Kirista.

SU WANE NE KIRISTAN?

Iri uku ne. Akwai ma'aikata da malaman makaranta da masu aikin asibiti waɗanda aiki ya kawo daga wasu sassan ƙasa. Akwai 'yan kasuwar Kudu masu zuwa sayen tumatir da albasa da shinkafa. Akwai kuma Hausawa 'yan ƙasa, mafi yawansu jikokin Maguzawan kudancin Kano, wajen Rano da Sumaila da Tudun Wada da Ƙaraye, waɗanda harshensu da tuwonsu da gaisuwarsu duk irin na kowa ne.

Labarinsu yana da tsawo. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, an yi wani malami a birni mai suna Malam Ibrahim. Ya zurfafa nazari a kan ambaton Annabi Isa, alaihis salamu, cikin Alƙur'ani, ya riƙa yi wa almajiransa wa'azin su zauna da shirin dawowarsa. Hukuma ta ga abin ya fita daga hanya, aka kashe shi a kasuwar Kano, mabiyansa waɗanda a ke kira Isawa su ka watsu wajen Ningi da iyakar Zazzau.

A 1900 wata ƙungiyar Turawan Mishan ƙarƙashin Bishop Tugwell ta iso Kano, Sarki Alu bai yarda su zauna ba, ya sallame su. Cikinsu akwai Likita Miller, wanda daga baya ya zauna a Zariya. A 1913 waɗansu daga zuriyar Isawa su ka same shi, aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna mai yawa, daga ƙarshe Mishan ɗin ta koma Wusasa a 1929. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, Likita Miller na cikin manyan waɗanda su ka yi aikin. Wata ƙungiyar kuma, wadda a ke kira S.I.M., ta buɗe wuraren jinyar kutare da asibitin ido a Kano, ta shiga ƙauyukan Maguzawa da magani da karatun boko. Daga gare ta ikilisiyar E.C.W.A. ta fito a 1954. 'Yan Katolika da 'yan Angilikan su ma suna da majami'u a ƙasar Kano.

MISALAI UKU DA SU KE KARANTAWA

Littafin da Kirista ke kira Bishara kashi huɗu ne, na Matta da na Markus da na Luka da na Yohanna. A cikinsu akwai wurare uku waɗanda duk mai son ya fahimci ra'ayinsu game da dukiya ya kamata ya sani, dukansu kuwa manomi zai gane su ba tare da an yi masa sharhi ba.

Na farko yana cikin Luka, sura ta 12. Sun ruwaito cewa wani mutum ya roƙi Almasihu ya sa baki a rabon gado tsakaninsa da ɗan'uwansa. Sai ya ƙi, ya gargaɗi jama'a game da kwaɗayi, ya kawo misalin wani mai arziki wanda gonarsa ta yi albarka har rumbunansa su ka kasa ɗauka. Mutumin ya yi shawara da ransa ya rushe su ya gina manya, sa'an nan ya miƙe ƙafa ya ci ya sha shekaru masu yawa. A daren nan aka karɓi ransa. Masu wa'azinsu su kan nuna cewa mutumin bai yi sata ba, bai ci gonar kowa ba, noma ya yi kamar kowa. Laifinsa shi ne, cikin dukan shawararsa bai ambaci Ubangijinsa ba, bai tuna da maƙwabci ba, ya kuma ƙidaya wa kansa shekarun da ba a ba shi ba.

Na biyu yana cikin Matta, sura ta 25. Misali ne na 'yammata goma da su ka fita da fitilu domin taryen ango. Biyar sun yi guzurin mai, biyar ba su yi ba. Ango ya yi jinkiri, duka su ka yi barci. Da tsakar dare aka yi shelar isowarsa, marasa mai su ka roƙi 'yan'uwansu, ba su samu ba, su ka tafi saye, kafin su komo an rufe ƙofa. Abin da a ke fitarwa daga nan shi ne, shirin gamuwa da Allah ba a aronsa. Ana aron garma, ana aron injin ban ruwa, ana karɓar taki bashi, amma tuba da gaskiya da aikin kirki kowa nasa zai kai.

Na uku yana cikin Yohanna, sura ta 4. Almasihu ya gaji da tafiya, ya zauna a bakin wata rijiya a ƙasar Samariya, ya roƙi wata mace ruwan sha. Cikin zancensu ya nuna mata cewa ruwan rijiya yana kashe ƙishirwa na ɗan lokaci ne, gobe sai an komo da tulu, amma akwai wani ruwa na daban wanda in ya shiga zuciya ya kan zama maɓuɓɓuga. Kirista suna fassara wannan ruwa da sanin Allah da zama a gabansa. Sun ce zuciyar ɗan Adam an halicce ta da wata ƙishirwa wadda dukiya ba ta kai gare ta, shi ya sa mai buhu ɗari ke neman ɗari biyu, mai ɗari biyu kuma barcinsa bai fi na mai goma daɗi ba. Wani babban malaminsu na dā, Agustin, mutumin Afirka ta Arewa, a ƙasar da a yanzu ke Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi dogon bayani a kan wannan rashin natsuwar zuciya cikin littafin da ya ba da labarin tubansa. Haka kuma cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 6, an yabi wadar zuci, an zargi son kuɗi, an kuma umurci mawadata da kyauta da barin girman kai.

LOKACIN JIRA

Wannan koyarwa tana da lokacinta cikin shekara. 'Yan Katolika da 'yan Angilikan suna keɓe Lahadi huɗu kafin Kirsimati, lokacin da Turawa ke kira Adbent, ma'anarsa zuwa. A cikinsa limamansu kan sa tufa shunayya, alamar tuba, a karanta surorin da ke magana a kan zaman tsaro da ranar hisabi. A ƙasar Kura wannan lokaci yana faɗowa ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, watau sa'ad da aka girbe shinkafar damina, kuɗi ya shiga hannu, ana shukar alkama, ana dashen tumatir. A daidai watan da mutum ya fi jin kansa, a nan a ke tuna masa da ranar hisabi.

Sauran ikilisiyoyi, ko da ba su riƙe wannan lissafi ba, suna da ranar godiyar kaka, inda kowa ke kawo damin dawa ko kwanon shinkafa ko kaza gaban majami'a, a taimaki mai wa'azi da gwauraye da marayu. Suna fitar da ɗaya bisa goma na abin da su ka samu, Hausawansu kuwa da sunan zakka su ke kiransa. A daren ƙarshen shekara da yawa su kan kwana a majami'a suna addu'a. Ƙungiyar Zumuntar Mata kuma ita ke zaga gidajen marasa lafiya da gidajen makoki.

Shiri a wurinsu yana da alamomi da ido ke gani: a biya bashi, a nemi gafarar wanda aka ɓata wa, a mayar da abin da aka karɓa ba bisa haƙƙi ba, a daina tauye awo. Manomin magudana ya san irin wannan. In ranar ba da ruwa ta zo ga sashensa, wanda ya gyara fangalansa ya share bakin hanya shi ke sha. Wanda ya tafi kasuwa ya bar ciyawa ta toshe masa, ruwa ya wuce shi zuwa gonar gaba. Sai dai ranar ruwa ana sanar da ita, ranar tafiya kuwa ba mai shela.

Ba a ce dukansu sun riƙe wannan ba. Cikinsu akwai masu kwaɗayi kamar yadda a ke samu cikin kowace al'umma. A biranen Nijeriya ma an sami masu wa'azin da ke cewa yawan dukiya shi ne alamar yardar Allah, tsofaffin ikilisiyoyi kuwa da yawa suna musun wannan, suna kafa hujja da surorin nan da aka ambata.

INDA AKA RABU DA INDA AKA HAƊU

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan. Tsakanin Musulmi da Kirista akwai saɓani a kan asalin aƙida wanda ladabi ba ya shafe shi. Kirista sun ce Almasihu ɗan Allah ne, an gicciye shi ya tashi, ta wurinsa a ke samun tsira. Musulmi sun ce bawan Allah ne, Manzonsa ne, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ya ɗauke shi zuwa gare shi, Allah kuwa bai haifa ba. Kowane ɓangare ya san matsayinsa.

Amma dukansu suna jiran dawowarsa. Hadisai ingantattu sun zo da cewa zai sauka a wajen farar hasumiya gabas da Dimashƙa, ya kashe Dujal a ƙofar Luddu, ya yi hukunci da adalci, dukiya ta yawaita har a rasa mai karɓa. Malaman Musulunci kuma tun dā sun ɗauke shi abin misali wajen gudun duniya. Imamu Ahmadu ɗan Hambali, wanda ya rasu a 241 bayan Hijira, ya tara labaransa masu yawa cikin Kitabuz Zuhudi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya cika Ihya'u da su, yana siffanta shi da mai yawo wanda ba shi da gida, ba shi da ajiyar gobe. Har a ƙasar Hindu, a jikin babbar ƙofar masallacin Fatehpur Sikri wadda Sarki Akbar ya gina, an zana wata magana da aka jingina masa, mai kamanta duniya da gada, wurin ƙetarewa wanda mai hankali ba ya kafa gida a kansa.

Ƙasar Kano ma tana da nata rabon a wannan babi. Wajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan waɗansu daga cikin jama'ar jihadi. Abin ya dame shi har ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka. Da ya iso Kano mutanenta su ka tsai da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya koma. Wanda ya ci yaƙi ya gudu daga ganima, ya fi kowa sanin abin da dukiya ke yi wa zuciya.

Shari'a kuma ba ta bar manomin rani haka ba. A mazhabar Imamu Malik, hatsi irin su shinkafa da alkama da masara in sun kai wusuƙi 5, watau sa'i 300, zakka ta wajaba ran girbi. Abin da ruwan sama ko ruwa mai gudu da kansa ya shayar, ɗaya bisa goma ne. Abin da aka shayar da wahalar ɗiba, kamar jigo ko inji, rabin haka ne. Tumatir da albasa da sauran kayan lambu babu zakka a jikinsu, sai a kuɗinsu in sun kai nisabi shekara ta kewayo a kansu. Mai gonar da wani sashe ke shan magudana wani sashe ke shan inji, ya kamata ya zauna da malami su yi lissafi. Kuma rashin wajabcin zakka a kan kwandon tumatir bai rufe ƙofar sadaka ba.

ABIN LURA GA MALAMAI DA FATAKE

Abu na farko, wadar zuci ba ita ce lalaci ba. Ba Musulmi ba Kirista, babu wanda addininsa ya ce ya bar gona ta yi ciyawa. Annabi Yusufu, alaihis salamu, ya tara hatsin shekara bakwai, littattafan ɓangarorin biyu sun yabe shi, domin ya tara ne saboda jama'a. Rumbu ba shi da laifi. Abin tambaya shi ne wa aka gina wa shi, da me aka cika shi.

Abu na biyu, a kasuwa a ke gane mai shiri. Dillalin da ke tsakanin manomin Bunkure da mai saye daga Ikko, ɗayansu ba ya jin harshen ɗaya, shi kaɗai ya san abin da aka faɗa da abin da ya juya. Mai cika gindin kwando da ruɓaɓɓe ya rufe sama da mai kyau, da mai jiƙa shinkafa domin ta yi nauyi, da mai ba da taki bashi ya karɓi ninki ran girbi, da mai toshe magudana da dare ya hana na ƙasa da shi sha, waɗannan duka ba sa buƙatar a tambaye su addininsu kafin a san ba su shirya ba. In Musulmi ya cuci baƙo Kirista, ya ɓata sunan addininsa a garin da bai taɓa zuwa ba. Haka kuma in Kirista ya cuci Musulmi.

Abu na uku, ƙasar Kano ta ga fitinu tsakanin mabiya addinan nan biyu, an yi hasarar rayuka da dukiya, kasuwa ta mutu kwana da kwanaki. Ruwan Tiga kuwa ba ya tambayar gonar wa zai shiga, tsutsar sharon ma ba ta tambaya ba. Mutanen da ke tsoron hisabi, kowa bisa ga abin da ya yi imani da shi, sun fi kusa da su riƙe amanar juna bisa ga waɗanda ba su tsoron kome sai faɗuwar kasuwa. Malami in ya san abin da maƙwabcinsa ke karantawa, zai yi masa magana da ilmi, in ya yi musu da shi ma ya yi ta hanya mai kyau.

Karofin Kura da yawa sun bushe, ayarin raƙuma ya ɗauke, waɗanda su ka yi arziki da turkuɗi sun tafi sun bar wa magada suna. Yau shinkafa da tumatir ke tashe, su ma da ranarsu. Masu iya magana sun ce duniya rawar 'yammata ce, na gaba ya koma baya. Wanda ya noma da gaskiya, ya auna da gaskiya, ya fitar da haƙƙin Allah da na maƙwabci, ya kwanta ba kowa a wuyansa, shi ne ya ci ribar rani, ko kwando ya yi tsada ko ya faɗi.

Allah ya sa albarka a ruwan nan da ƙasar nan, ya kiyaye manoma daga tsutsa da fari da nauyin bashi, ya ba shugabanni ikon adalci, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya sa a cika da kyau da imani. Amin.